Zoben Roba a Kitson Walida

Lewisham, ranar Talata

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka huta gajiyar hanya, ɗakin da jami'a ta ba ka a Leeds kuma akwai ɗumi. Mamanka tana gaishe ka. Ƙanwarka Walida tana gaishe ka, har ta kwashe kayan wasanta ta zube a kan gadonka. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ka da abokan zama nagari.

Gaisuwar ke nan. Abin da ya rage ba mai daɗi ba ne. Ka san ni da biro ba shiri muke ba, a aji huɗu na bar makaranta, to in ka ga mahaifinka ya cika shafi bayan shafi ka san ransa a ɓace yake.

Kafin ka ci gaba, zazzage ambulan ɗin a tafin hannunka. Baƙin zoben robar nan da ya faɗo, ka dube shi da kyau. Ka san shi.

Jiya muna cin tuwo Walida ta juya za ta ɗauki ruwa, sai idona ya sauka a jelar kitsonta. Duk robobin da aka ɗaure mata ja ne da ruwan ɗorawa, ɗaya ce kawai baƙa, mai kauri. Na ajiye lomar da ke hannuna.

Na ce wa Mamanka, "Wannan a ina kika samo ta?"

Ta ce, "A ƙarƙashin tebur, da nake shara. Robar kitso ce mana."

Na ce, "Ba robar kitso ba ce."

Ta ce, "To ta mece ce? Ai ta riƙe gashin."

Walida ta dafe kai da hannu biyu tana "It's mine, Daddy", sai da na yi mata alkawarin alewa ta bari na zare. Na ɗauko tsohon kwanson injin ƙaramar rokarka da ka bari a durowa, na ɗora zoben a bakinsa na sama. Ya zauna daram. Sabo ne fil, bai baje ba, babu baƙin hayaƙi a jikinsa. Zoben sama ne na injin da ka haɗa a kan teburin nan ranar Asabar, wanda ka sa a jaka ka tafi da shi, wanda ka ce za ka harba Asabar mai zuwa a gaban sababbin abokanka na kulob ɗin jami'a. Ka kuma san ba a saka rara a fakitin. Zoben da ke hannunka yanzu, wurinsa a cikin injin nan babu komai.

Tunda ka zama gwani har ka daina duba takardar bayani, bari in maimaita maka abin da ka sani, da bakin wanda bai yi boko ba.

Ƙananan injinan da muka fara da su kana ɗan shekara tara, na kwali ne, a harba sau ɗaya a jefar. Waɗancan ba sa neman hankalin kowa, masu yin su sun gama tunani a madadinka. Wannan mai kwanson alminiyam da ya shigo daga baya, wanda ake sake cikawa, kai ne masana'antar. Kai za ka zura rigar kwali mai tauri da ke hana wuta taɓa ƙarfe. Kai za ka jera makamashin a ciki, guntu-guntu kamar yankakken rake mai rami a tsakiya. Wuta a cikin ramin nan take kamawa, ta ci daga ciki zuwa waje, kuma iskar da take haifarwa tana da ƙarfin da ba ka taɓa riƙe irinsa ba. Ƙofa ɗaya aka ba ta, nozul ɗin da ke ƙasa. Matsewar da take yi ta fita ta wannan ƙaramar ƙofa ita ke tura roka sama. Shi ke nan sirrin. Duk sauran jikin dole ya zama a toshe ruf, kuma abin da ke toshe shi su ne waɗannan zobban da Mamanka ta ɗauka na kitso ne, ɗaya a bayan murfin ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin murfin sama, da ƙaraminsu a jikin ɗan jinkiri. Shi ɗan jinkirin nan da ke cikin murfin sama a hankali yake ci, yana fitar da hayaƙi, yana ba roka lokaci ta kai ƙarshen tashinta. Sai ya cinye sannan wuta ta leƙa ta ɗan rami ta taɓa albarushi, albarushi ya tunkuɗe hancin roka, laima ta buɗe, abinka ya sauko a hankali.

Cire zoben sama, ka ba wutar ƙofa ta biyu. Za ta bi ta gefen murfi, ta ci ƙarfen, ta shiga cikin jikin roka inda laima da albarushi suke. Rokar da ke fitar da wuta ta kai da ta gindi ba ta san sama ba, ba ta san ƙasa ba. Duk inda ta ga dama nan za ta nufa, kuma a filin harbi mutane ne a tsaye.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Na gani, kuma hannuna ne ya jawo.

Kana iya tuna shekarar da muka sayi kwanso na farko? Kai kake karanta takardar bayani da ƙarfi, layi bayan layi, ni ina haɗawa, saboda rubutunta ƙanana ne kuma Turancin ya fi ƙarfina. Kai ido, ni hannu. Takarda ta ce a shafa wa zobba giris kaɗan. Ni kuwa mutumin gareji ne, tun ina yaro a Kano aka koya mini cewa ƙarfe ba ya ƙin mai. Na lafta musu son raina, na kuma ɗauki ɗan jinkiri da yatsun nan ban goge ba. Giris ya shafe fuskarsa. Ranar harbi a gonar manomin nan ta Kent, rokar ta tashi kamar a mafarki, muka ɗaga kai muna jiran laima. Laima ba ta fito ba, don wuta ta kasa ƙetare man da na shafa. Ta juyo da hanci ƙasa tana fito, ta kafe a ƙasa kusa da shanun mutumin har rabin jikinta. Issaka, abokin aikina ɗan zangon Kumasi da ya kai mu a motarsa, ya riƙe ciki yana dariya, yana cewa, "Sule, rokan ka ya yi fushi. Wallahi saniya ya ga mutuwa da ido." Ni ban yi dariya ba. Manomin ma bai yi ba.

Don haka abin da ka iya a wani wuri, kada ka ɗauka zai bi ka ko'ina. In an ce kaɗan, kaɗan ake nufi, iyakar abin da zai sa roba ta yi ƙyalli. Ka goge hannu kafin ka taɓa makamashi ko ɗan jinkiri. Wanda ya rubuta takardar nan ya ƙona abubuwa da yawa kafin ya rubuta ta.

Na biyu ya fi muni, kuma shi ne ya fi kama da naka. A inda na koyi aiki ba a jefar da abu sai ya mutu murus. Tsohuwar roba a wanke ta, a juya ta, a mayar. Zuwanmu ƙasar nan ina direban wani jami'i a ofisoshin Charing Cross, abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda suke zubar da abu mai sauran rai. Da na koma gareji a Lewisham ma sai da na daɗe ina ɓoye tsofaffin kaya a aljihu. To wata rana ina haɗa inji, sabon zobe ya tsage a hannuna wajen sawa. Maimakon in haƙura, sai na ciro wanda muka yi amfani da shi a harbin baya, na wanke shi, na ɗaga shi a hasken taga. Lafiyarsa ƙalau a ido. Ban san cewa zoben da ya taɓa shan matsi da zafi ya riga ya baje ba, ba zai sake cika gurbinsa ba. Rokar nan, mai launin kore da ka yi wata guda kana fenti, ko tsayin bishiya ba ta kai ba wuta ta fasa ta tsakiyarta. Ta yi ta wulwulawa tana aman wuta, mutane suna kwanciya a ciyawa, wata mata ta danne ɗanta da jikinta. Da muka ɗauko kwanson, bakinsa na sama ya narke kamar an lasa. Kai ka yi kuka a mota har muka shigo London. Wannan fa tsohon zobe ne, yana nan a wurinsa, yana ɗan ƙoƙari. Naka babu shi gaba ɗaya.

Shi ya sa na ce kada ka kuskura ka mayar da wanda na aiko. Ya kwana a ƙasa, ya sha tsintsiya, an naɗa shi sau biyu a gashi, ya sha man kitso. Don ka gani da idonka na aiko shi, ba don ka yi aiki da shi ba.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi ci mini rai, kuma ban taɓa zama da kai a kansa ba.

Sunan mahaifina aka sa maka, kuma kai ne ɗan fari. Kunya biyu ke nan a kaina. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba, Baba nake ce maka, haka Mamanka, haka duk wanda ya san mu. A gida ba wanda zai tambayi dalili. A nan kuwa, da ka kai shekara goma sha biyar, muna cikin mota za mu fili, ka ce mini, "Dad, please, ban da sunan nan a gabansu." Yaran filin Harry suke ce maka. Na ci gaba da tuƙi.

A ranar ne aka danna madanni inji bai tashi ba. Laifina ne, wayar kunnawa ban tura ta har ƙuryar ramin makamashi ba, ta tsaya a tsakiya, ta ɗan lasa wuta ta bar shi yana ci a ɓoye. Dokar fili kowa ya san ta: in bai tashi ba, ba mai motsi sai mai kula da fili ya ce a je. Colin, dattijon da ke kula da fili, ya sunkuya yana duba batir. Kai kuwa ka tsallake igiya ka nufi rokar, hannu a aljihu.

Na ce, "Baba."

Na ɗaga murya na ce, "Baba, tsaya."

Ka ji ni. Na ga kafaɗunka sun ɗaga, na ga ka ƙara sauri, don kada yaran Turawan nan su gane da kai nake. Ni kuma ga sunanka na gaskiya a kan harshena, na san in na faɗe shi za ka daskare a wurin saboda ba ka taɓa jin sa daga bakina ba, amma na tsaya ina kokawa da kunya. Colin ne ya ɗago ya daka tsawa da sunan da suke kiranka. Ka tsaya. Tsayawarka ke da wuya injin ya yi tari, ya kama, ya tashi. Tsakuwa da ƙasa suka watso maka a fuska. Da ka ƙara 'yan taku, da kanka yana bisa rokar nan kana leƙa ta.

Muka dawo gida. Mamanka ta tambayi abin da ya sami goshinka, ka ce reshe ne, ni kuma na bar ta a haka. Na yi fushi da kai ranar, har yau da sauransa. Ka zaɓi ka tsira da mutuncinka a gaban yaran da yanzu ko sunayensu ba ka riƙe ba. Amma fushin da na yi da kaina ya fi. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, ba zan kuma ce ka yar da ita ba. Sai dai tana da wurinta. Inda wuta take ba wurinta ba ne. In ka ga babban ɗalibi a kulob ɗinku, ko malaminku ma, yana haɗa inji ba daidai ba, ka faɗa masa a take, da sunansa, a gaban kowa. In kuma ka ji an ɗaga murya a fili, ko da wane suna aka kira, ko da wane yare, ka tsaya tukuna, daga baya ka ji kunyar.

Da na ce na koyi darasin nan. Ranar Asabar ta nuna mini ban koya ba.

Ina zaune a kujerar gefen firij ina kallonka kana haɗawa. Tun farko ban so ba. Inji a fili ake haɗa shi, ranar harbi, ba mako guda kafin nan ba, ba kuma a teburin da ake cin abinci ana shige da fice ba. Takardar bayani tana ninke a cikin fakiti, ko buɗe ta ba ka yi ba. Ka ɗauki zoben za ka shafa masa giris, waya ta yi ƙara, ka ajiye shi a bakin tebur ka tafi. Ka dawo kana dariyar abin da abokinka ya faɗa. Ban ga faɗuwarsa ba, gaskiya. Amma na ga lokacin da ka murɗa murfin sama. Ya sauka har ƙasa sumul, babu gardama. Ni da kai mun san in zobe yana ciki, murɗawar ƙarshe sai ka ji roba tana turo hannunka. Na buɗe baki na ce, "Murfin nan..." Ba ka ko ɗago ba, ka ce, "I've got it, Dad." Mamanka ta yi mini kallon nan na yau-ce-ranarsa-ta-ƙarshe-a-gida. Sai na ce wa kaina wataƙila idona ne, yaro ya girma, zai shiga jami'ar da ni ko ƙofarta ban taɓa shiga ba, kada in ƙasƙanta shi. Na haɗiye maganar.

Ina da shekara ashirin aka haife ka, har yau ban cika arba'in ba. A gareji masu kawo mota suna ɗauka yayanka ne ni. Wataƙila shi ya sa nake yi maka magana kamar mai neman izini. Mutane suna yabona da haƙuri. Wannan ba haƙuri ba ne, tsoron ɓacin ranka ne, kuma na gaji da shi.

Ka ji da kyau. Abin da ya ɓata mini rai ba mantuwa ba ce, kowa yana mantuwa, ga nawa na lissafa maka. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ka daina dubawa. Da, in mun gama haɗawa, kai ne mai zazzage fakiti, ka duba tebur, ka duba ƙasa, ka ce, "Babu saura." Yaushe ka fi ƙarfin wannan? Hannu yana sabawa da aiki har ya riƙa yi ba tare da kai ba, kuma ranar da aka katse shi a tsakiya ba zai gaya maka inda ya tsaya ba. In waya ta yi ƙara kana haɗa inji, ka bar ta ta yi ta yi. In dole ka tashi, da ka dawo ka kwance komai ka faro daga farko. A can babu mai share ƙarƙashin teburinka ya tsinto abin da ka yar.

Jiya bayan na gwada zoben na buga lambar da ka bar mana, ta wayar da ke barandar ɗakunanku. Wani yaro Bature ya ɗauka. Na ce ina neman Baba. Ya ce babu mai wannan suna. Na ce ɗan Najeriya, dogo, sabon zuwa. Ya ce su uku ne, wanne? Mamanka tana wanke-wanke a bayana. Na rufe ido na ce, "Haruna."

Na ji ta kashe famfo.

Yaron ya ce, "Oh, Harry," wai ka fita da mutanen roka, zai bar maka saƙo. Yadda ya yi maganar ban yarda zai tuna ba. Na sake bugawa da safe kafin in tafi aiki, ba wanda ya ɗauka. Shi ya sa na zauna rubutu. Ga shi na faɗi sunan, ga shi na rubuta shi, rufin flat ɗin nan bai faɗo ba. Allah ya jiƙan mai sunan, na san da yana raye shi zai fara ce mini in faɗa.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kada injin nan ya shiga roka. Ban sani ba ko ka riga ka zuba albarushi, in ka zuba, ka fara juye shi a abinsa, nesa da hitar ɗumama ɗaki da masu shan taba. Ka kai injin wurin mai kula da filinku, ka ce masa da bakinka, "Na haɗa wannan ba daidai ba." Ka kwance shi a gabansa da takardar bayani a buɗe. Ka nemi sababbin zobba gaba ɗaya, don sauran ma sun kwana a matse. In ba a samu ba, ka tsaya bayan igiya ranar Asabar ka kalli na wasu. Za su yi maka tsiya, sabon zuwa da ya zo da cika baki ya koma ɗan kallo. Ka shanye. Na riga na gaya wa maigidana a gareji cewa in ban ji muryarka ba zuwa Alhamis, Juma'a ba zai gan ni ba, zan yi booking ɗin bas in zo Leeds da kaina, in tsaya a ƙofar ɗakinka da kayan aikina a jiki.

Akwai yiwuwar ni ne na yi kuskure. Wataƙila masu fakitin sun saka biyu a wannan karon, ka kwance ka tarar da zobe zaune a wurinsa lafiya lau. In haka ne, ka bugo waya ka yi mini dariya, ka kira Mamanka ta taya ka, ka ba Issaka labari ya yi shekara yana tsokanata. Zan ɗauka. Na fi so ka yi mini dariya da idanunka biyu da yatsunka goma.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare waɗanda za su tsaya kusa da kai a filin nan, 'ya'yan mutane ne su ma. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya ba ka kunnen jin magana. Ka riƙe salla. Ka bugo.

Mahaifinka,
Sule